Ka Auna Ta, Ya Mai Awon Zinariya

Ya sanyin idanuna, ya inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, abokin tafiyata na shekara ashirin da shida, Maigidana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka.

Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun wasiƙa da sassafe, alhali gida ɗaya muka kwana, tebur ɗaya muka karya kumallo. Na san ka buɗe shago, ka jawo kujera, ɗan kunnen wata baiwar Allah yana jiran gyara a gabanka, ka miƙa hannu ka ɗauko gilashin aikinka sai ka tarar da takarda naɗe a jikinsa. Ni ce na naɗe ta. Ka san halina, idan raina ya ɓaci muryata ce take fara guduwa ta bar ni. Tun ranar Asabar nake buɗe baki in yi maka magana, sai in ji kaina ina tambayar ka ko a ƙaro maka ruwa.

Raina a ɓace yake, Malam. Na rubuta, na sake dubawa ko akwai ƙari a ciki, ban samu ba, don haka ban goge ba.

Bari in tuna maka mafari, don na lura kunnenka ɗaya kake ba ni idan maganar kwamfuta ce. Wata huɗu da suka wuce na kai tsohuwar kwamfutata wajen matar nan da ke kula da ɗakin karatu na unguwarmu, wadda nake kira Yaya. Wani ɗan rubutu ne ya dame ni, kullum yana maƙale a kusurwar allo. Ta gyara zaman tabarau, ta karanta, ta ce: "Ƙanwata, manhajar da ke tafiyar da na'urar nan ba a biya masu ita ba. Ɓalle ta aka yi aka zuba miki." Na ce wato ta sata ce? Ta ce kowa haka yake yi. Na ce ba kowa na tambaye ki ba, Yaya.

Subhanallahi! Shekara shida ina buga wa ɗalibaina dattawa darasi a kanta. Babin amana a kanta na buga shi. Babin haƙƙin maƙwabci, a kanta. Na zauna a kujerar ɗakin karatun nan ina jin kamar wadda ta gano cewa da ruwan ƙwace take alwala. Ran nan na rufe ta, har yau ban sake buɗewa ba. Kai shaida ne, da hannu nake rubuta darasi tun lokacin, yatsuna na yin tsami, kana tsokana ta kana cewa Alƙaliya ta yanke wa kanta hukunci babu ɗaukaka ƙara. Na yi dariya, don daga bakinka ko tsokana zuma ce.

Yaya ce ta nuna mini mafita. Ta ce akwai wata manhaja, Linux, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe, suka sa izini a rubuce: ɗauka, yi aiki, kwafa, ba wa maƙwabcinka, idan ka iya gyara ka gyara. Malam, rijiya ce aka haƙa a bakin hanya aka rataye guga. Ban san sunayensu ba, ban san addininsu ba, amma ina yi musu addu'ar alheri. Asabar bakwai na yi ina zuwa ɗakin karatu ina koyo, ni da furfurata, ina ɓatawa ina gyarawa, har na iya sa ta rubuta mini baƙaƙen boko masu lanƙwasa da na Larabci da wasullansu.

Daga nan muka shiga kasuwa neman kwamfutar da za ta ɗauke ta. Shago biyar muka taka. Yaya tana da ɗan filashi mai manhajar a ciki, duk wadda muka ga dama sai mu roƙi izinin mai shago mu soka mu gwada. Wata ta ƙi kama intanet. Wata ta kama, amma ta yi gum, babu sauti. Wata maɓallanta sun matse kamar haƙoran ɓera. A shago na biyar muka same ta: 'yar ƙarama, baƙa, ta hannu, faɗin allonta taƙi ɗaya da 'yan yatsu, da ɗan tabo a murfi. Komai nata ya amsa. Batirinta yana kai mutum daga hantsi har la'asar. Na ɗora ta a tafin hannuna na hagu, hannun da ka sani, ban ji kafaɗata ta yi ƙorafi ba. Mai shagon ya yarda ya ajiye mini ita har ranar Alhamis ɗin nan. Na dawo gida na rubuta maka sunanta da lambarta da inda shagon yake, na ninke takardar gida huɗu, na sa maka a aljihun riga da hannuna, don kai ka ce kana so kyautar ta fito daga gare ka.

Me ka kawo mini ranar Asabar, ya hasken ɗakina? Me ka shigo da shi, kai da abokinka mai shagon agogo, kuna nishi a matakala kamar masu ɗauko firji?

Dutsen niƙa ka kawo mini mai fitilu! Maɓallanta suna sauya launi, ja, kore, shuɗi, kamar motar biki. Idan aka kunna ta fankarta tana huci sai ka ce za ta tashi sama. Cajarta kaɗai ta kai bulo. Na ɗora su a sikelin kicin, allurar ta kusa taɓa kilo huɗu, ita kuwa wadda na zaɓa kilo ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Kai da ka kwana biyu a bakin gadon asibiti shekarar da na faɗi na karya kafaɗa, kai da ka ɗinka wa igiyar jakata soso da allurarka, ka ma taɓa cire mini littafi biyu daga ciki a ɓoye don kada su yi mini nauyi, kai ne za ka rataya mini wannan in hau da ita bene hawa huɗu?

Don hawa huɗu nake hawa duk Talata da Alhamis, zuwa wajen Inna, dattijuwar nan da ta fara koyon karatu tana da shekara saba'in da ɗaya. Idanunta sun yi rauni. A allon kwamfuta nake faɗaɗa mata baƙi ɗaya ya kai babban yatsa, ta bi shi da farce tana murmushi. Wata huɗu ke nan tana ƙanƙance ido a kan rubutun hannuna, kullum in na tashi tafiya sai ta riƙe mini mayafi ta ce: "'Yar nan, yaushe manyan baƙaƙen za su dawo? Ni fa ba ni da lokacin jira irin naku." Me zan ce mata gobe? In ce mijina ya sayo mini jirgi?

Kada ka ce ban yi wa kwamfutar taka adalci ba. Jiya Yaya ta zo da filashinta muka gwada. Ta ƙi kama intanet, batirin kuwa bai kai awa biyu ba ya kwanta, ɗakin Inna kuma soket ɗaya gare shi, yana bayan kabad. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Da muka kunna ta da abin da ke cikinta, ka san me na gani a kusurwar allo? Ɗan rubutun nan. Shi dai, bai sauya ko ɗigo ba. Ka ce mini mai shagon da ka sayo ta mutumin kirki ne, ya cika maka ita da manhajoji kyauta. Ban shiga zuciyarsa ba, wataƙila shi ma haka ya taso ya ga ana yi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma yaushe mutum ya fara kyauta da abin da ba nasa ba? Da wani zai kawo maka sarƙa shago ya ce tsintuwa ce, ka narke masa, ai na san da wace fuska za ka dube shi.

Duk da haka ba nauyin ne ya hana ni sakewa ba, ba kuma rubutun kusurwa ba. Ina shigowa falo da tiren shayi na ji ka kana ce wa abokinka, kana dariya: "Ai Alƙaliya ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Wata 'yar tsohuwa mai tabo ta liƙe wa. Ni kuwa matata ba za ta riƙe ta hannu ba." Shi kuma ya ce: "Haka ne, mata sai da jagora." Na ajiye tiren a hankali, na zuba muku, na ce Allah ya saka da alheri, na koma kicin na tsaya ina kallon bango. Washegari da na zo wanki na sa hannu a aljihun rigarka, na ciro takardata. Ninkinta huɗu yana nan yadda na yi shi. Ko buɗewa ba ka yi ba, Malam! Labarin tabon ma a bakina ka tsinta. Asabar bakwai, shago biyar, ciwon ƙafa da kunyar tambaya a gaban yaran shago, duk suna kwance a aljihunka ba ka ba su ko kallo ɗaya ba. Ashe haka na yi sauƙi a ma'auninka?

Ka tuna yadda aka fara? Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta aike ni shagon maigidanka da ɗan kunnenta da ya karye. Kai ka gyara, na karɓa, na tafi, ko fuskarka ban kalla sosai ba. Washegari ana yayyafi sai ga sallama a ƙofar gidanmu. Kai ne, rigarka ta jiƙe ta manne a kafaɗa, ka miƙo 'yar takarda a ninke. A ciki akwai ɓarɓashin zinariya, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ka ce: "Wannan naku ne, a ƙarƙashin magagari na same shi da nake shara." Mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan yaro ko dai waliyyi ne ko kuma ya hango wani abu a gidan nan. Ni ina bayan labule, zuciyata tana bugawa kamar tsuntsuwar da aka rufe a tafi. A wannan rana na ce a raina, namijin da zai taka ruwa saboda haƙƙin da ido ba ya gani, shi zan ba wa amanar rayuwata. Ban taɓa nadama ba. Ko yau da nake rubuta maka wannan, ban yi ba.

Shi ya sa abin ya yi mini zafi, ya tauraron asubahina. Da wani ne da na yi shiru na ba shi uzuri. Amma kai? Kai da kake kashe fanka, ka riƙe numfashi kafin ka ɗora ƙwaya a sikeli, don kada iska ta cuci mai kaya? Na san ƙauna ce ta kai ka. Na ga fuskarka lokacin da kake yanke ledar kwalin, kamar yaro ya kawo wa uwarsa sakamakon jarrabawa. Ka so a ce matar maƙerin zinariya tana riƙe da abin da ya fi na kowa sheƙi. Na gode, har cikin raina na gode. Amma da ka tambaye ni, da na ce maka ƙauna ma ana auna ta da kafaɗar wanda zai ɗauka.

Ga roƙona. A takardar da ke cikin kwalin an rubuta cewa ana karɓar kaya idan aka mayar cikin kwana bakwai. Tawa kuwa Alhamis ce iyakarta, kuma mai shagon ya gaya mini akwai wani malamin makaranta da ya zo sau biyu yana juya ta. Ka mayar da wannan, ka karɓo mini waccan. Idan kunyar abokinka kake ji, ka ɗora laifin a kaina, ka ce matarka ce mai tsirfa, ba ƙarya ka yi ba. Idan kana so in raka ka, zan raka ka, in tsaya a bayanka ban ce uffan ba. Idan kuma har yanzu kana ganin ni ce ban gane ba, to ga jakata a rataye a bayan ƙofa. Sa dutsen naka a ciki da cajarsa, ka rataya a kafaɗar hagu, ka taka da ƙafa daga gida zuwa shago. Abin da kafaɗarka ta gaya maka, na yarda da hukuncinta.

Ni kuwa na yi maka alkawari, ba zan sake tayar da maganar ba, ko a gaban 'ya'yanmu ko a bayan idonka. Fushina ciyawa ce a bakin kogi, ƙaunarka ce kogin. Ko ka mayar ko ba ka mayar ba, ni taka ce, a wannan gida da kuma gidan da muke fatan Allah ya haɗa mu a cikinsa. Sai dai idan ba ka mayar ba, zan ci gaba da rubutu da hannu, Inna ta ci gaba da ƙanƙance ido, kai kuma ka riƙa ganin fitilun nan suna walƙiya a kan kabad babu mai taɓa su.

Ka duba ƙasan wannan wasiƙa, za ka ga wata 'yar takarda da ta tsufa ta yi ja. Buɗe ta a hankali, kashe fanka tukuna. Ɓarɓashin nan ne. Mahaifiyata ta ba ni shi ranar da aka kawo ni gidanka, yana cikin akwatina tun lokacin, ban taɓa gaya maka ba. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Ka dawo mini da shi da hannunka, kamar wancan karon.

Taka har ƙarshen numfashi, mai fushi da kai, mai yi maka addu'a a kowace sujada,

Alƙaliyarka.

Don Allah ka ba ni amsa yau, kafin in je wajen Inna gobe.