Na rufe wa talabijin baki

Yaya,

An idar da asuba, gari sai yayyafi. Zan kama bus kafin ka dawo daga night shift.

Jiya na kunna player ɗin talabijin na falo zan saurari karatu, sai ga jerin abin da aka kalla ya fito ɓaro-ɓaro. Na farko bidiyon scan ɗin ciki ne na asibiti, da sunan matarka Anti Zarah a jiki. Ni dai na kawar da kai. Amma na tuna yau Hajiya za ta zo daga Catford da ƙawayenta, kuma ka san ta, tana zama remote take nema. Ga cikin fari, ga kunyar Anti. Ba talabijin ne zai yi wannan albishir ba.

Sai na shiga settings, ina haɗa baƙi a hankali, har na gano wajen privacy. Na yi clear ɗin history, na hana shi ajiye wani. Na kashe na sake kunnawa, fes! Ni kaɗai fa, Yaya, ban tambayi kowa ba. Bidiyon yana nan a flash ɗinku, ban taɓa shi ba.

Don Allah kada Anti ta san na gani, sai ta daina haɗa ido da ni.

Na sauko da buhun shinkafa daga saman kabad don kada ta ɗaga. In ta tambaya, ka ce kai ne.

Maharazu