Lamba Bakwai da Muryar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗan barin ƙofa a buɗe.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ban san iyakarta ba. Ka tuna na'urar ɗakin watsa shirye-shirye da ka damƙa mini da za ka tafi, wadda ke raba sauti kashi huɗu, daga mai kauri zuwa siriri, ta danne duk kashin da ya yi yawa? Makon jiya manaja ya ce in share tsofaffin saitin da ke cikinta. Na ga wani ba shi da suna, lamba bakwai kawai, na ɗauka tarkace ne, na goge. Washegari Baba ya zauna karanta labaran safe kamar yadda ya yi shekara talatin, sai na ji wata murya da ban sani ba. Kalmominsa suna fita da fito, ƙarshen magana yana nutsewa, har numfashinsa ana ji. Na sauya makirufo, na sauya waya, har fanka na zarga. Masu sauraro suka yi ta bugowa suna tambaya ko ba shi da lafiya.

Yau kwana biyar ina murɗe-murɗe. In na danne kashin sama, wato na siririn sauti, fiton ya tafi, amma sai ka ce daga cikin bargo yake magana. In na ɗaga na ƙasa, mai kauri, sai muryar ta yi gunji, kiɗan buɗe shiri ya riƙa kumbura yana sacewa. Wai kowane kashi da saurin kamawarsa da saurin sakinsa. Wallahi kaina ya kulle. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni wa zan tambaya in ba kai ba? Manaja ya ce in muryar ba ta dawo ba zuwa ƙarshen wata, zai ba wani labaran safe, Baba ya je ya huta.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Jiya na kasa kunne Baba yana hira da Inna a ɗaki, ba makirufo ba na'ura, sai na ji fiton nan da nutsewar muryar, duka. Tun yaushe, Yaya? Shekara nawa ka yi kana bin muryarsa kana gyarawa a lamba bakwai ɗin nan ba ka gaya wa kowa ba? Ban san ko in gode maka ko in yi fushi da kai ba.

Shi dai bai sani ba. Ni yake ta ba haƙuri. Ya ce kada in damu, na'urar ce ta tsufa, abin da ya tsufa kuwa ba a tilasta masa, zai roƙi manaja da kansa a sauya ta. Na kasa ɗaga kai in dube shi.

Don Allah, in kana tune da lambobin, ka aiko da su da wuri. In ka manta, ka gaya mini yadda zan faɗa masa, kai ne babba.

Ka gaida mini matarka da 'yan biyu, da Auta mai ƙiriniya. Inna da Gwaggo suna gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, wai da kana nan da tuni ka gano matsalar.

Taka ƙanwarka.