Maganin Yaya Buppha

Zuwa ga Yaya Buppha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a jami'a. Mu ma lafiya, an fara ruwa.

Yaya, na yi kuskure. Kin san da aka sallami Baba daga asibiti, likita ya ce ciwon nan da ya ɗauko daga taɓon gonar shinkafa ba ya fita sai an yi wata biyar ana shan magani. Ni kuwa don in faranta masa, na ce kina koya wa kwamfuta neman maganin irin wannan cuta. Tun ranar ya zuba ƙwayoyinsa cikin tsohon kwandon shinkafa ya rufe. Wai na ’yarsa zai jira. Yau kwana shida. Inna ta yi magana, ya ce, "Ke da ko rediyo ba ki iya kamawa?" Ni kuma ina jin kunyar gyara maganata a gabansa.

Yaushe naki zai fito?

Ƙanwarki,
Lamyai

Lamyai, sarkin kunya,

Ina gaishe ku duka. Nawa ba zai fito bana ba, ko baɗi, wataƙila sai kin yi furfura.

Jikin ƙwayar cuta yana da sinadaran furotin iri dubbai, kaɗan ne magani yake iya kamawa. Nakan nuna wa kwamfuta waɗanda aka riga aka sani, ita kuma ta koyi ware sauran. Kin ga yadda Inna take zuba irin shinkafa a ruwan gishiri, marar kyau ya taso, mai kyau ya nutse? Iyakar aikina ke nan, kuma wani lokaci kwamfutar tana kuskure.

Idan bai koma shan na likita ba, zazzaɓin zai dawo, ya fi na farko. Ni ba ya ɗaukar wayata idan ya san faɗa zan yi. Ke za ki faɗa masa.

Yayarki,
Buppha

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta masa wasiƙarki muna cin abincin rana. Ya daɗe yana mulmula shinkafa bai kai baki ba. Can ya ce, "Ashe iri take zaɓe. Ko yafawa ba a yi ba, ni na zauna jiran girbi."

Ya ce in miƙo kwandon.

Wai in gaya miki kada ki yi gaggawa, ki zaɓa da kyau.

Taki,
Lamyai