Jan maho a fuskar molo

Daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Da safe tafinta ya zo kan molon marigayi yayana. Wai kumandan, Nasaran da ke mulkin garinmu, zai kai shi ƙasarsu ya rataye a bango, kuma kada a taɓa shi, da tsufansa yake so.

Yana fita na ajiye littafina, na yanko jar fatar akuya, na ɗinka maho daidai inda farcen Yaya ya cinye. Sau biyu allura ta soke ni don haushi.

Da la'asar ya dawo ɗauka. Ya ce, "Inna, kin ɓata shi. Nasara ba ya son gyararre."

Na ce, "Ɗana, abin kiɗa ne, ba gawa ba."

Ya tafi hannu wofi. Ranar sunan jikar Yaya za a kaɗa shi.