Yau Ya Ambaci Safiya

Kontagora, Laraba da dare

Yau muka je wurin Hajiyar nan mai ba ma'aurata shawara. Ban zaci maigidana zai zo ba, sai ga shi a kan babur tun daga Kaboji, inda yake koyarwa.

Wata takwas ke nan da rasuwar jaririyarmu, bai taɓa ambaton sunanta ba. Ko zuwa gida ya rage. Ni na ɗauka laifina yake gani.

Hajiya ta ce, "Malam, yau kai za ka yi magana. Ke kuma ki saurara kawai."

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Ranar da zazzaɓin Safiya ya tashi ba na gari. In na kalle ki sai kunya ta kama ni, don na bar ki ke kaɗai."

Ashe kansa yake tuhuma, ba ni ba. Na sha kuka.

A hanyar dawowa ya saya mini rake. Ya ce sai Lahadi zai koma. Yana tsakar gida yana alwala, kuma har yanzu ban san da me zan fara ba. Allah Ka ba ni iko.