Soda a Cikin Buta

Zongo, Lome
6 ga Maris, 1977

Zuwa ga Yaya Aboubakar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatun jami'a yana tafiya daidai, kuma tuwon Zariya bai sa ka manta da kifin Lome ba. Mu nan lafiya lau. Baba da Inna suna gaishe ka. Na leƙa gidanku jiya, innarka ta ce in tambaye ka ko hannunka ne ya karye da ba ka rubuto mata.

Ka yi haƙuri, yau ma tambayoyi na kwaso. Mushe Tchakoura, malaminmu na shimi, wato ilimin sinadarai, a lise, makarantarmu ta sakandare, mutumin kirki ne, amma ɗakin gwajinmu babu komai a ciki sai busassun kwalabe da gawar kyankyaso. A allo muke haɗa sinadarai, a allo suke tafasa, sannan mu sa tsumma mu goge. Rabin mako kuma ana kwashe mu zuwa animasiyo, taron yabon gwamnati, mu yini muna rawa da tafi cikin rana. Sauran ka sani, ba sai na rubuta ba.

Don haka na mai da bayan ɗakin girkin Inna wurin gwajina. Me ya sa in na matsa lemun tsami a zoɓo yake ƙara ja, in kuma na jefa kanwa ya koma kore-kore kamar ruwan kwata? Na ɓata wa Inna zoɓo tulu guda kafin in yarda ba idona ba ne.

Babbar tambayar kuwa ta sabulu ce. Ka san shekara nawa Inna tana ƙona ɓawon koko tana tace toka don sabulun salo. Hayaƙin ya bar mata tari, masu saye kuma sun koma wa farin sabulu mai tauri na kanti. Na samo soda a babbar kasuwa, wadda Mushe yake kira sud kostik, ina so in yi mata irin wancan da man alayyadi. Da na jiƙa ta a tukunyar alminiyam, sai ruwan ya ɗau zafi ba wuta, ya yi ta kumfa yana huci, kafin azahar gindin tukunya ya zama rariya. Daga ina zafin ya fito? A cikin me ake jiƙa ta? Inna ba ta yi mini magana ba kwana biyu.

Baba dai dariya yake yi mini, ya sa mini suna boka. Yana nan a zaure da ɗinkin manyan rigunansa, shekara sittin da biyu amma da kansa yake zura zare a allura. Har yanzu in ya tashi daga barcin rana sai ya cika tafinsa da ruwan buta ya watsa a idonsa a buɗe, wai sirrin ganinsa ke nan, mu 'yan boko da tabarau za mu ƙare.

Ka ba Yacouba direban motar goro amsar, ta fi saurin zuwa. Allah ya ba da sa'a.

Ƙaninka,
Issifou

Zongo, Lome
2 ga Mayu, 1977

Yaya Aboubakar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso tun farkon Afrilu, na gode. Mu kam ba lafiya ba. Baba yana asibiti yau kwana goma sha ɗaya, kuma ni ne sanadi.

Ka rubuto cewa soda tana cin alminiyam, a jiƙa ta a kwalba ko a roba, a bar ta ta huce kafin a zuba a mai. Ka kuma ja layi biyu a ƙarƙashin maganar cewa in yi wa mazubin alama. Ina tuna maka wannan ne don kada ka ɗora wa kanka komai. Na gwada kwalba, zafin ya tsaga ta. Robar da muke da ita a gidan nan guda ɗaya ce, shuɗiyar butar nan ta ƙofar zaure. Har na yaba wa kaina dabara, don bakinta zai ba ni damar tsiyaya ruwan a hankali ina juya mai.

Ka san dokar gidanmu a kan butar nan. Gidan saukar baƙi ne, duk wanda ya zo wucewa yana iya ɗauka ya yi alwala, saboda haka ba a gusar da ita kuma ba a barin ta ba ruwa. Na san in na tambaya za a hana ni, shi ya sa na ɗauke ta a ɓoye. Ranar Alhamis da hantsi, ba mu da darasi, na jiƙa sodar na tura butar bayan murhu ta huce. Ban gama wanke hannu ba aka aiko cewa duk 'yan lise su fito bakin titi tarbar wani babban baƙo, ana kiran suna. Na ce awa ɗaya ce in dawo. Ban yi alamar ba, ban gaya wa kowa ba. Sai bayan la'asar aka sallame mu, baƙon ma ta wata hanya ya bi.

Inna ce ta ga butar a bayan murhu. Ta ɗaga ta ji ta cike, ta ji ɗumi ta zaci rana ce, ta mayar da ita wurinta tana faɗan wanda ya gusar. Ruwan soda garau yake, Yaya, ba launi ba wari. Baba ya tashi daga barci ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in.

Da ya yi ƙara maƙwabta suka cika zaure. Kowa da niyyar alheri ya zo. Wani ya ce a shafa man shanu, Inna ta shafa, wata ta ɗiga nono, aka naɗe masa fuska da rawani don kada iska ta shiga. Babu wanda ya yarda a taɓa shi da ruwa, tunda ruwa suka ga ya ƙone shi. Ni kaɗai a unguwar nan na san ruwan ne maganin, ni kuma ina bakin titi ina kaɗa tuta. Awa uku ya yi a naɗe kafin in dawo in kwance rawanin.

Likita ya ce da an yi ta kwarara masa ruwa tun a mintin farko, da da sauƙi. Ka gaya mini gaskiya, kai da kake da littattafai: idon da soda ta taɓa yana warkewa? Ka tambayi malamanku. Akwai wani abu da ake ɗigawa ya janye ta? Na yi tunanin lemun tsami, tunda tsami yana kashe kaifin soda, likita ya ce kada in kuskura.

Ka sa mu a addu'a. Ka amsa da wuri, don Allah.

Issifou

Zongo, Lome
19 ga Yuli, 1977

Yaya Aboubakar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ka kuma gama jarrabawa lafiya. Wasiƙarka ta zo. Shafi uku ka cika da ba ni haƙuri, ba ka taɓa tambayata ba ko da layi ɗaya, daga nan na gane amsar.

An sallamo Baba. Tafin hannunsa ya warke, fatar fuska ma ta yi sabuwa. Idon dama ya yi fari fat kamar na dafaffen kifi, fatar ido ta manne da ƙwayar. Na hagu yana rarrabe rana da inuwa, kuma a kansa muka rataya duk fatanmu. Kowace safiya sai in ɗaga hannu a gabansa in tambaye shi yatsu nawa. Da fari yana cewa yana ganin motsi. Makon jiya ya ce uku alhali ban ɗaga hannun ba tukuna. Don ya kwantar mini da hankali yake cinka, ni kuma na ce masa daidai ne.

An kawo rubutu, an kawo kwalli daga Makka, wata maƙwabciya har ta ce a je Akodesewa wurin masu tsafi, Baba ya ce a bar shi da Ubangijinsa. Ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba. Ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Da ya zage ni, ko ya sa an yi mini duka, da na fi samun inda zan sa kaina. Abu ɗaya ne ya canja, ya daina ce mini boka, yanzu Issifou nake.

Inna ta bar yin sabulu, na salon ma. Ba ta zarge ni da baki ba, don ita ma tana cewa hannunta ne ya mayar da butar, hannunta ne ya shafa man. Muna zaune gida ɗaya kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Rigar da Baba yake yi wa aska takwas tana rataye a zaure, allurar tana soke inda ya tsaya, babu mai ƙarfin halin cire ta.

Ban zauna jarrabawar bak ta kammala lise ba. Mushe Tchakoura ya zo har gida ya yi mini faɗa. Da zai tafi na raka shi, na tambaye shi abin da soda take yi wa ido takamaimai. Ya yi ta kewaye-kewaye, na matsa, sai ya ce abin da take yi wa man alayyadi shi take yi wa naman mutum. Wata biyu ina neman sabulu ya kama a tukunya ya ƙi, Yaya, ashe ga inda zai kama. Tun ranar ba na iya wanka da sabulu sai na rufe hanci.

Ana ta raɗe-raɗin za a tashi Zongo, wai ana son filin. Ban damu ba sai don abu guda. Baba ya san lungunan nan da ƙafarsa, yana zuwa masallaci shi kaɗai yana shafa bango, yana gane kowane gida da muryar masu shi. Wannan ne kaɗai ya rage masa.

Gaisuwa ga abokan karatunka.

Naka,
Issifou

Sabon Zongo
27 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Yaya Aboubakar,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kana lafiya. Innarka tana nan ƙalau, rumfarsu ba nisa da tamu, ta ce a gaishe ka.

Ka ga adireshi ya canja. An rushe Zongo a watan jiya, aka kwaso mu zuwa wani fili can hanyar arewa, nesa da gari. Babu lungu, babu bangon da za a shafa, sai ciyawa da turaku da rumfunan kwano masu kama da juna. Ranar farko Baba ya ce zai je masallaci da kansa, aka tsinto shi a gonar rogon mutane yana tsaye yana jiran ya ji kiran salla. Tun daga nan bai sake fita ba sai ina riƙe da sandarsa. Idon hagun ma ya rufe tun cikin azumi. Mun daina wasan yatsu, shi ne ya ce ya isa.

Na ga littafin shimi da ka aiko, da maganar in zauna bak baɗi. Na gode ƙwarai, amma na ba Yacouba ya mayar maka. Lise ta yi nisa, Baba kuma yana bukatar mai ja masa gora sau biyar a yini. Ko ba don haka ba, na buɗe shafin farko na ga hoton kwalabe sai na rufe shi. Gwaji ɗaya ya rage nake yi. Ina ajiye zoɓo a 'yar kwalba, duk ruwan da zai taɓa Baba sai na zuba kaɗan a gefe na ɗiga zoɓon a ciki na ga bai koma kore ba. Ruwan rijiya ne, ni na ɗebo shi da hannuna, na sani. Inna tana gani.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, don ba ni da wanda zan gaya wa. Mun sayi sabuwar buta. In Inna ta miƙa wa Baba, ko wani baƙo, yana karɓa ya yi bismilla ya fara alwala. In ni na miƙa masa, yana yi mini godiya, ya sa mini albarka, sannan ya ɗan juya gefe, ya ɗiga ruwan a bayan hannunsa ya jira. Ba ya daɗewa, kamar numfashi uku ne. Yana tsammanin na riga na juya baya. Na yarda ya yafe mini har zuciyarsa, Yaya, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai a kan yatsun nan. Hannunsa ne bai manta ba, kuma ba ni da bakin cewa bai kyauta ba.

Da ina cika maka takarda da tambayoyi, yau ba ni da ko ɗaya. Kada ka wahalar da kanka neman abin da za ka ce mini. In ka rubuto, ba ni labarin Zariya kawai, in karanta wa Baba, yana son jin labarin gida, ƙasar Hausa.

An kira la'asar, bari in kai masa ruwa. Zan ajiye butar a gabansa in ce na manta wani abu a ɗaki, don ya samu ya gwada a tsanake.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Issifou