An Ce In Rage Ƙiba, Ba a Gaya Mini Abin da Ke Damuna Ba

Zuwa ga Babban Likita,
na asibitin da nake yankar kati a Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ba da lada.

Sunana Hauwa'u, amma a Tsafe an fi sanina da Kulu mai masa. Shekaruna sun doshi hamsin. Tun ina goyon ɗana na fari nake toya masa a bakin tasha. Mijina, Malam Sani, direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi daga kasuwannin Tsafe da Bilbis zuwa Kudu. Na gama firamare, shi ya sa na iya zama na rubuta maka da hannuna. Ban ambaci sunan asibitinku ba, ban ambaci na kowane ma'aikaci ba, domin ba tonon asiri ya fito da ni ba. Na kai maganar jarida ne saboda abin da ya same ni ba nawa ne ni kaɗai ba.

Na farko, abin da ya kai ni wurinku.

Tun shekarar da aka ba mu jiha jikina ya fara sauyawa. Al'adata, wadda a da nake sanin ranar zuwanta, ta rikice. Wani watan ta ƙi zuwa har in fara zargin ciki, wani watan ta zo da yawa ta ƙi ɗaukewa. Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan ke nufi ga mace Musulma. Na rasa ranar da zan yi wanka in yi salla, na rasa ko jinin haila ne ko na ciwo. Sai kuma wani zafi da ke taso mini daga ƙirji ya hau wuya da fuska, gumi ya karyo har zanina ya jiƙe, gabana yana faɗuwa. Da fari na ɗora wa wutar tanda laifi, sai na ga ko ina zaune a inuwa yana zuwa. Barci ya gudu. Na zama mai saurin fushi, ina yi wa masu sayen masata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gwiwoyina suna ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, ni mace ce mai jiki sosai, yawancin danginmu haka muke.

Maƙwabta suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Malam Sani ne ya ce a'a, a je Gusau a ga likita.

Na biyu, abin da aka gaya mini.

A daminar bara na zo, ana tsakiyar wahalar man fetur, na baro Tsafe da sassafe. Na bi layi har bayan azahar. Da na shiga, na tarar da wani matashin likita, sa'an ɗana, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ƙofa a buɗe, mata biyu na tsaye a bakinta suna jiran in fito. Ta yaya zan buɗe baki in yi maganar haila a haka? Na fara da zafin jiki da gwiwa, ina shirin kaiwa ga sauran. Ya sa na hau sikeli, aka auna jinina. Ya ce jinina ya ɗan hau, sannan ya ce, "Mama, duk wannan ƙiba ce. Ki je ki rage jiki, za ki ji daidai." Ya rubuta magani, ya kira ta gaba.

Wallahi ban riƙe yaron nan a zuciya ba. Na ga yawan mutanen da ke jiransa, na kuma san ko ruwa bai samu ya sha ba. Amma bai tambaye ni shekaruna ba, bai tambaye ni al'adata ba, bai gaya mini yadda ake rage jikin ba. Na fito da magana ɗaya tak a kaina, cewa ni na jawo wa kaina, kuma in na rame zan warke.

Na uku, abin da na yi da wannan magana.

Mu mutanen karkara, in likita ya faɗi abu, mukan riƙe shi da hannu biyu. Na daina cin tuwo, na daina shan fura. Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana jiƙon tsamiya. Ina zaune ina juya masa ƙamshi na dukan hancina, amma ko ɗaya ba na kai wa baki. Wani mai tallar magani da lasifika a tasha ya sayar mini da garin da ya ce yana narkar da teɓa, ashe na gudawa ne. Azumi ya zo, na ƙara da ƙin yin sahur na kirki. Duk wannan kuma jinin bai fasa zuba ba.

Na rame kuwa. Riguna suka yi mini yawa, wuyana ya fito. Amma zafin da nake gudu yana nan, har da ƙarin jiri. Bayan ƙaramar Salla, ranar kasuwar Tsafe, na miƙe zan ɗauko ƙullu sai na ga duhu. Na faɗi dab da murhu, mai ya fallatsar mini a hannu. Tabon yana nan.

Na huɗu, abin da ya fi ƙunar zafi.

Ranka ya daɗe, a garinmu mace mai jiki ba ta ramewa haka kawai mutane su yi shiru. Ga shi mijina direba ne mai kwana a hanya. Ban san wanda ya fara ba, amma magana ta zaga tasha cewa Kulu ta kamu da ƙanjamau, Malam Sani ne ya kwaso mata daga Kudu. Mutanen da suka shekara ashirin suna cin masata suka riƙa wucewa suna kau da kai. Yaran da ake aikowa da kwano suka daina zuwa. A gidan suna, wata mata ta janye ɗanta daga kusa da ni tana murmushi. Sai in toya ƙwarya guda in komo da ita gida.

Ni ce ta ƙarshe da ta ji. Ranar da Malam Sani ya dawo daga tafiya, wani abokin aikinsa ya gaya masa. Ya shigo gida bai ko cire takalmi ba, ya gaya mini abin da ake faɗa, ya ce, "Kulu, shirya. Gobe mu biyu za a auna." Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar na ga hawaye a idonsa.

Na biyar, wadda ta saurare ni.

Muka dawo asibitinku, aka ɗebi jininmu. Ba a sami cutar da ake faɗa ba, sai dai ni jinin jikina ya yi ƙaranci ƙwarai, har aka kwantar da ni. A nan Allah ya haɗa ni da wata Sista, babbar mace, mai kula da ɗakinmu. Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Yaya, faɗa mini tun daga farko." Na faɗa mata komai, har abin da na ji kunyar faɗa wa likita. Ta ce wannan ba iska ba ce, ba kuma alhakin cin abinci ba ne. Lokacin ɗaukewar al'ada ne ke matsowa, kuma kafin ta ɗauke gaba ɗaya jiki kan yi shekaru yana wannan rikici. Ta ce ita kanta tana cikinsa, ta nuna mini ƙyallen da take share gumi da shi a aljihun rigarta. Muka yi dariya, dariyar da na daɗe ban yi ba.

Ta kira likita ya duba mahaifata saboda yawan zubar jinin, aka ba ni maganinsa da na ƙarin jini. Ta ce rage jiki yana da amfani gare ni saboda hawan jini da gwiwa, amma a hankali, da abinci a ciki, ba da yunwa ba. Maganar salla kuma ta ce in je wurin malamar Islamiyyarmu, na je, ta warware mini.

Da aka sallame ni, Malam Sani ya ajiye mota kwana biyu. Ya zo tasha ya zauna a bencina, ya ce in zuba masa masa da miya, ya ci a gaban kowa, ya kira direbobi suka sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ciniki ya dawo sannu a hankali. Wasu har yau ba su dawo ba, na bar su da Allah.

Na shida, gaskiyar abin da na gani a jikina.

Ina so in yi wa likitanku adalci, domin maganarsa ba ƙarya ce duka ba. Yanzu ina cin tuwona amma ban cika kwano, na rage mai da sukari, ina cin zogale da wake, kuma da ƙafa nake zuwa tasha in dawo. Jikina ya tsaya a tsakiya, ban koma yadda nake da ba, ban kuma zama abin tausayi ba. Gwiwoyina sun yi sauƙi, ina yin sujada ba tare da na dafa bango ba. Hakin da nake yi ya ragu, hawan jinina ya sauka. Zafin nan ma ina jin ya ɗan rage zuwa, ko da yake ban san ko raguwar jikin ce, ko kwanciyar hankalin sanin abin da ke damuna. Amma bai tafi ba. Al'ada kuwa ba ruwanta da sikeli, tana nan tana zuwa yadda ta ga dama. Ina da 'yar baffa a Furfuri, Ladi, siririya ce tun tana yarinya, amma zafin da take sha ya fi nawa. Ita me za a ce ta rage?

Abin da na fahimta, rage ƙiba yana sauƙaƙa wa mace wasu wahalhalun wannan lokaci, amma ba shi ne maganinsa ba, ba kuma ƙibar ce ta kawo shi ba. Da an gaya mini haka a zuwan farko, da ban ƙona hannuna ba, da ba a ɓata sunan mijina ba.

Don haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙon duk macen da ta haura arba'in ta zo da irin wannan kuka, a tambaye ta al'adarta, ko da ba ta fara faɗa ba. Ba za ta fara ba, kunya ba za ta bar ta ba. A kuma rufe ƙofa yayin da take magana.

Ina roƙon in za a ce wa mutum ya rage jiki, a gaya masa yadda zai yi da abincin da muke da shi a nan, a kuma gargaɗe shi game da garin maganin da ake talla a tasha.

Kuna tara masu ciki ranar awo kuna yi musu bayani, kuna tara masu jego ranar rigakafi. Mu da muka gama haihuwa ba mu da rana. A ba mu ko da safiya ɗaya a wata, mace 'yar'uwarmu ta zauna da mu. In da hali a kai wannan bayani Tsafe da Bungudu, domin matar Ruwan Bore ko Bilbis ba kullum take samun motar Gusau ba.

Ina kuma roƙon a ƙara wa likitocinku hannu. Wanda aka tara wa gari guda a bakin ƙofa ba zai iya sauraron kowa ba. Kada a hukunta kowa saboda wannan takarda. Ita kuwa Sistar, ka san ta, a gaya mata ina yi mata addu'a bayan kowace salla.

Satin da ya wuce wata maƙwabciyata, mai sayar da nono, ta ja ni gefe tana raɗa, ta ce wani zafi na taso mata, tana tsoron ko an yi mata asiri ne. Na gaya mata abin da na sani, amma ni ba likita ba ce. Na yi mata alkawarin zan rako ta asibitinku da kaina, na ce mata za a saurare ta. Don Allah kada ku sa in ji kunya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannuwanku, ya raya muku zuri'a, ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuke sha saboda mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.

Wassalam.

Taku,
Hauwa'u (Kulu mai masa),
Bakin tasha, Tsafe.